Gudun mota a cikin unguwa ba harkar jam'iyya ba ce

'Yan uwana matasa, musamman ku da kuke raba dare kuna musun siyasa a Facebook, ku ba ni aron kunnuwanku. Wata rigima ce aka yi a yankin Wales na ƙasar Birtaniya, kuma halin da aka nuna a cikinta irin namu ne sak.

Ranar 17 ga Satumba, 2023, gwamnatin Wales ƙarƙashin Mark Drakeford ta rage iyakar gudun mota a titunan unguwanni daga mil 30 a awa zuwa mil 20, wato daga kusan kilomita 48 zuwa 32. Ba su ne farau ba, tun a 2021 Sifaniya da birnin Paris suka koma kilomita 30. Amma a Wales sai gari ya ɗau zafi. Takardar ƙorafin da aka shigar majalisar yankin ta samu sa hannu kusan 470,000, adadin da majalisar ba ta taɓa gani ba, a yankin da mutanensa miliyan 3 ne da 'yan kai. Wasu suka riƙa bin allunan titi suna shafe su da fenti. Jam'iyyar Conservative ta samu sandar dukan jam'iyyar Labour mai mulkin yankin a lokacin, har firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya tsoma baki da sunan kare masu mota. Abin mamaki, a 2020 da aka kawo shawarar gaban majalisa, 'yan Conservative da dama sun goyi bayanta. Titin bai sauya ba, yaran da ke tsallaka shi ba su sauya ba, lissafin ƙuri'a ne kawai ya sauya.

Kada ku ɗauka duk mai adawa ɗan hayaniya ne. An kashe sama da fam miliyan 30 a kan aikin, kuma dokar ta haɗa har da wasu titunan da babu gidaje sosai a gefensu, motocin haya suna jan ciki ba dalili. Wannan ƙorafi ne mai tushe, shi ya sa a 2024 ministan sufuri Ken Skates ya buɗe wa ƙananan hukumomi ƙofar mayar da irin waɗannan hanyoyi mil 30. Sai dai alƙaluman shekarar farko sun nuna waɗanda suka mutu ko suka jikkata a titunan cikin gari sun ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya sa hannu don kawai ya tsani Drakeford, me zai ce da wannan?

Ku kwatanta abin a ranku. Yaro ya fito daga zaure a guje yana bin ƙwallo, bai duba hagu ba bai duba dama ba, don yaro ne. Bisa ƙa'idar tuƙi ta Birtaniya, mai gudun mil 20 yana buƙatar mita 12 kafin ya tsaya cak, mai gudun 30 kuwa sai mita 23. A daidai inda na farko ya tsaya yana salati, na biyu bai daɗe da taka birki ba, motar na tafe da kusan duk ƙarfinta. Wannan lissafi ne a kan busasshiyar kwalta da birki mai lafiya, ba tayar da ta suɗe ba.

To ku dawo gida. A Najeriya ƙa'ida ta ce kilomita 50 a cikin gari, amma wa zai kira wannan gudun hankali a layin da babu wurin masu tafiya a ƙasa? Nan 'yan Islamiyya ke wucewa, nan mai talla ke tsaye da farantinta, nan dattijo ke dogara sanda zuwa masallaci. Kuma mu faɗi gaskiya, ba tsofaffi ne ke tsala gudu a lungu ba. Mu ne. Mu ne ke ɗaga kan babur don 'yan mata su gani, mu ne ke wasa da mota ranar ɗaurin aure, ango na cikin farin ciki wani gida kuma ana shimfiɗa tabarmar makoki. Idan ta faru sai a ce tsautsayi ne, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ganganci ma sunansa ganganci.

Don haka duk ranar da wani gwamna ya zo da irin wannan doka, kada ka fara tambayar ɗan wace jam'iyya ne. Tambayi wane titi, gidaje nawa ne a bakinsa, akwai makaranta ko babu, wa zai sa ido, kuma tarar aljihun wa za ta shiga. Ko gwaninka ne ya kawo ta, ka yi masa waɗannan tambayoyin.

Kafin nan ba sai kun jira kowa ba. Yawancin tudun simintin da ake yi a layukanmu sai bayan an buge yaro ake yin sa, cikin fushi, a yi shi kamar katanga, ba fenti ba alama, da dare ya kayar da ɗan acaba. Ku haɗa kai ku je wajen mai unguwa tun ba a yi ɓarna ba, a nemi hukuma ta yi tudu madaidaici a gaban makaranta, a shafa masa fari, a kafa allo.