Samari, dariyar nan ta wa ce?

Jiya da la'asar a bakin kasuwar unguwarmu na tarar da samari uku sun tare wani dattijo mai i'ina. Ɗaya na riƙe da waya yana ɗauka, biyun suna ja masa magana don harshensa ya sarƙe su sheƙe da dariya. Da na tsawatar, sai ɗayansu ya ce, "Baba, ai barkwanci ne, TikTok za mu ɗora." Barkwanci! Tun jiya maganar nan ke ci mini rai.

Yawancinku ba ku riski wasan barkwancin nan na Samanja Mazan Fama ba. Mai fitowa a matsayin Samanja, wato saje-manjan soja, Usman Baba Pategi, Banufe daga Pategi ta Jihar Kwara, sai da ya yi aikin soja ya san bariki ciki da bai, sannan ya kawo rayuwar barikin gidan talabijin na Kaduna, da Hausarsa ta bariki gauraye da Turancin buroka. Mukan cika tsakar gidan mai talabijin baƙi da fari, yara a gaba a ƙasa, iyaye a baya, babu mai sunkuyar da kai don kunya. Wa ake yi wa dariya? Shi kansa, da tsawarsa da cika bakinsa. Mai iko ne abin dariyar, shi ya sa ta yi daɗi. Har Allah ya karɓi ransa a Kaduna a Nuwamba 2023, ban ji wanda ya ce ya ci masa mutunci ba.

Ku kuwa sai mai rauni. Yau gurgu, gobe mai taɓin hankali, jibi almajiri a ba shi naira ɗari a sa shi rawa. Ba ma maganar masu ɗaura zanen mata da ashar ba kunya ba tsoron Allah, wannan wata rana. 'Ya'yana, ba a gama halittarku ba fa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma baki shi ke yanka wuya. Ku gyara, ku nemi abin da ya fi wannan.

Da can, ko yaron maƙwabci ne ya kwaikwayi tafiyar gurgu, duk babban da ya gani zai ja masa kunne, uban ya zo ya yi godiya. Jiya manya sun fi goma a wurin. Mai shayi ma dariya yake yi, dattijon ya ɗauki ledarsa ya wuce.