An Kai Dokar Guragu Saman Bene

Matakala 24 na ƙirga. Ba da ƙafa na ƙirga su ba, don tun ina ɗan shekara 3 shan inna ya raba ni da ƙafafuna. Na ƙirga ne ina saɓe a hannun wasu samari biyu, ɗaya ya riƙe hammatata, ɗaya ya tattaro gwiwoyina, suna nishi suna cewa "Baba yi haƙuri, saura kaɗan." Babbar rigar da na goge tun daren jiya ta naɗe har wuya, hulata ta faɗi a matakala ta tara. Haka aka shigar da ni zauren da aka ce za a ji ra'ayinmu kan ƙudurin dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a jiharmu. Taron guragu, a saman bene! Kuma ba wanda ya ga abin kunya a ciki.

Takarda aka aiko wa ƙungiyarmu cewa ƙarfe 10 na safe za a fara. Na rufe rumfata ta gyaran waya, na yi asarar cinikin yini, na hau kekena na hannu tun ƙarfe 8. Wanda bai taɓa tuƙa keken guragu a titunanmu ba bai san abin da ake cewa tafiya ba. Gefen titi rairayi ne, tayar gaba ta nutse sai ka jira mai imani ya tura ka. Ka hau kwalta, masu Adaidaita Sahu su yi ta maka ham kamar kai ka tare musu arziki. Kwatoci kuwa a buɗe suke, baki hangame. Na isa bakin ƙofa ina jiƙe da gumi, ban ko gama sallama ba mai gadi ya ɗaga min hannu: "Malam, ba a bara a nan, yau akwai manyan baƙi." Na ciro takardar gayyata na miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, ya dube ni, ya dubi keken, sannan ya buɗe ƙofar rabi.

Da aka kai ni sama, keken yana ƙasa, sai aka dasa ni a kan kujerar roba kamar tulu. Awa biyar ban motsa ba. An raba ruwan gora, na ƙi sha, don na tambaya an ce min banɗakin yana ƙasa, kuma ba zan sake roƙon yaran mutane su ɗauke ni don zan yi fitsari ba. Kusa da ni wani malamin makaranta ne makaho, aka danƙa masa kwafin ƙudurin a takarda fara fat, ba ko shafi ɗaya da rubutun makafi. Ya shafa, ya yi murmushi, ya naɗe ya yi fifita da ita. Kurame sun zo su wajen bakwai, ba a tanadi mai fassara da maganar hannu ba, suka zauna suna kallon leɓɓan mutane. Masu girma ba su iso ba sai bayan 12. Aka yi addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da masu riƙe musu jaka, aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba. Mu da aka tara dominmu, minti uku-uku aka ba mu.

Wannan wulaƙancin zan iya haɗiye shi, na saba. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne abin da ke cikin ƙudurin kansa. Duk inda aka zo kan abin da gwamnati za ta yi mana, sai harshen takardar ya yi laushi kamar tuwon jiya: za a duba, za a ƙarfafa gwiwa, za a yi gwargwadon hali. Ba ranar farawa, ba wanda za a kama idan ba a yi ba, ba a faɗi aljihun da kuɗin zai fito ba. Amma da aka iso kan bara, sai ga tara, ga ɗauri, ga sunan waɗanda za su yi kamen. Nan alƙalamin bai yi rawa ba.

Kuma ba yau aka fara mana wannan ba. A 2013 Kano ta yi dokar hana bara a tituna. A watan Yulin 2015, bayan bom ɗin da ya tashi a Sabon Garin Zariya, gwamnatin El-Rufai ta haramta bara a Kaduna, makafi da guragu da kutare suka fito zanga-zanga suna tambayar abin da za su ci. A Oktoban 2024 ministan Abuja, Wike, ya ba mabarata wa'adi su fice daga titunan Abuja. Irin wannan umarni ba ya kwana. A faɗe shi yau, gobe ka ga mota a shataletale ana loda mutane. To ka dubi ɗaya ɓangaren. Dokar tarayya da ta haramta nuna wariya ga naƙasassu ta yi fiye da shekara 10 tana yawo tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa kafin Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ta ce a ware mana kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Ta ce a fara sallamar mu idan ana layi. Ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna mana wariya, kamfani kuma naira miliyan 1. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ni dai ga ni nan, bayan cikar wa'adin, an ɗauke ni kamar buhun gero zuwa taron da aka shirya da sunana. Gafara sa, gafara sa, har yau ba mu ga ƙaho ba.

Da ka yi magana sai a ce ai waccan ta Abuja ce, sai jiha ta yi tata. Gaskiya ne dokar jiha ce ta fi shafar mu, don makarantar firamare da asibitin unguwa da kasuwa da tasha duk a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. Shi ya sa ma na tuƙo keke tun safe. Amma shekara nawa ake buƙata? Legas ta yi tata tun 2011, ta kafa ofishi na musamman. Filato ma ta daɗe da tata da hukumarta. Ba sabon abu ake nema a ƙirƙiro ba.

Kada wani ya ɗauka kare bara nake yi. Na tsane ta. Ina ɗan shekara 9 wani kawuna ya ba mahaifina shawara a riƙa ajiye ni a ƙofar masallacin Juma'a, wai "ai shi wannan abincinsa a hannun jama'a yake." Allah ya ji ƙan mahaifina, ya ƙi, ya riƙa goya ni a keke zuwa makaranta, ajinmu ma sai da rarrafe nake shiga. Amma yara nawa ne suka samu uba irin nawa? Gurgun da makaranta ta ƙi karɓa don ba hanyar shiga aji, aka ƙi ɗauka koyon sana'a, aka ƙi ba shi rumfa a kasuwa, yau ya kai 50 ba abin da ya iya sai "a taimaka saboda Allah", shi za ka jefa a mota ka ce ya ɓata maka gari? An bar jaki ana dukan taiki. Mu ɗin ba ragwaye ba ne. Je ka Kano ka ga waɗanda shan inna ya taɓa suna walda, suna ƙera keken guragu da hannunsu, irin wanda nake hawa, mai jure ramukanmu. Ba irin na asibiti ba da ake rabawa duk 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, a gaban kyamara, wanda ba ya wata biyu taya ta fice.

Da minti ukuna suka zo, na ce, "Ranka ya daɗe, shugaban kwamiti, a rubuta a dokar cewa ba za a amince da zanen kowane sabon ginin jama'a ba sai da gangaren da keke zai hau. A rubuta cewa hukumar da za a kafa mu za mu shugabance ta, kada a kawo mana wani ɗan siyasar da ya faɗi zaɓe a ce a ba shi ya lasa. A rubuta kasonta a kasafin kuɗi. Sashen bara kuma a jingine shi sai an..." Nan aka kaɗa ƙararrawa. Shugaban ya ce, "Mun gode Malam, mun ji, za mu duba." Ko biro bai ɗaga ba.

Da aka tashi, manya suka riga kowa fita, samarin da suka hau da ni suka bi su da gudu ko za a samu na mai. Na zauna a kujerar robar nan har aka fara share zauren. Daga ƙarshe mai shara da wani kurma ne suka sauko da ni. A ƙasa na tarar wata baƙar jif ta faka ta matse kekena da bango, direban ya tafi cin abinci. Sai bayan la'asar ya dawo yana sakace haƙori, ya dube ni zaune a ƙasa, ya laluba aljihu ya miƙo min naira 100.