Saukar sautin jita ba shaidar jabu ba ce

Abin yana damuna yadda matasa masu koyon jita a Yamai ke cewa duk jitar da sautinta ke sauka jabu ce. Suna da uzuri, domin wanda ya kashe kuɗinsa yana sa ran abin da ya daidaita jiya ya kwana daidai.

Amma tsirkiyar ƙarfe tana miƙewa idan ta sha zafi, ɗaurinta ya sassauta, sautin ya yi ƙasa. Itacen jitar ma, wanda tsirkiyoyi shida ke ja da nauyin kusan kilo 70, yana tsukewa da bushewar hunturu, ya kumbura da laimar damina. Wanda ya daidaita jitarsa cikin ɗaki mai sanyi, sannan ya fita da ita wajen biki a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, dole ya sake daidaitawa, komai tsadarta.

Sabuwar tsirkiya kuma sai an ja ta a hankali da yatsu kafin ta zauna. A riƙa daidaita kowace tsirkiya ta hanyar ɗaga sautinta daga ƙasa zuwa sama, a kuma ajiye jitar cikin jakarta nesa da rana.