"Nano" ba na'urar leƙen asiri ba ce

A teburin mai shayi a Jekadafari, nan Gombe, har yau akwai masu rantsuwa cewa "nano" da ke cikin rigakafin korona wata 'yar na'ura ce ta bin sawun mutum. Ina! "Nano" ɗin nan nuni ne ga nanomita, wanda awo ne kawai: ka raba milimita ɗaya gida miliyan. Abin da ke cikin allurar Pfizer ɗan mitsitsin kitse ne da ke ƙunshe saƙon maganin, kamar ƙosai a takarda, don kada jiki ya lalata shi kafin ya shiga ƙwayar halitta. Farfesa Pieter Cullis na Kanada ya haura shekara 40 yana binciken irin wannan kitse. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1995 Amurka ta amince da Doxil, maganin ciwon daji mai irin wannan ƙunshi.