Nasiha ga matasa masu son labaran ban mamaki

'Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wadda nake son mu dube ta da idon basira. Kullum muna cin karo da ƙananan labarai masu ban dariya a wayoyinmu game da abinci da kimiyya da wasannin kwamfuta, sai mu yi dariya, mu tura wa abokai, mu wuce kamar ba mu taɓa ganinsu ba. Raha ba laifi ba ce, tana ma sanyaya zuciya. Abin da ke damuna shi ne kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan labarai yana da dalili a bayansa, dalilin kuma ya fi labarin daɗi da amfani, amma ƙalilan ne daga cikinmu suke tsayawa su ce me ya sa.

Ku dubi barkono. Idan yaji ya kama mutum, za ka ga gumi ya keto masa a goshi, idanu sun yi ja, hanci yana yoyo, yana hura iska yana cewa bakinsa na ƙuna, alhali kuwa abincin ya huce sarai. Dalili shi ne a cikin barkono akwai wani sinadari mai suna kafsaisin, wanda yake manne wa wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin jijiyoyin baki, waɗanda aikinsu na asali shi ne su sanar da ƙwaƙwalwa idan zafi ya haura kimanin digiri 43 a ma'aunin Salshiyas. Ƙwaƙwalwa ba ta iya rarrabe wannan saƙo da na ƙunar gaske, don haka sai ta umarci jiki ya yi gumi domin ya huce. Tsuntsaye kuwa irin ƙofofinsu ba sa amsa wa wannan sinadari, shi ya sa suke cin barkono hankali kwance, su kai irinsa wurare masu nisa. Haka nan ruwa ba ya kashe yaji sosai, saboda sinadarin ba ya narkewa a ruwa, maiƙo yake bi, wannan ne ya sa madara ta fi ruwa kawo sauƙi. To, wani masani a Amurka mai suna David Julius bai tsaya ga dariyar masu shan yaji ba. Ya bi sawun wannan sinadari har ya gano ƙofar a shekarar 1997, binciken ya haskaka yadda jiki yake jin zafi da raɗaɗi, kuma a 2021 ya samu kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Ardem Patapoutian. Barkonon da yake hannunsa shi ne dai wanda yake cikin kowane ɗakin girki.

Haka labarin Percy Spencer yake, injiniyan kamfanin Raytheon da alewa ta narke a aljihunsa a 1945 yana aiki kusa da na'urar rada, wadda ake gano jirage da ita daga nesa. Da wani ne, da ya yi tsaki ya wanke wandonsa. Shi kuwa sai ya kawo ƙwayar masara ya ajiye a gaban na'urar, ta fashe ta zama gugguru, daga nan aka samo injin ɗumama abinci na maikirowef.

Yanzu bari in juyo kan wasannin kwamfuta, domin a nan ne lokacin da yawanmu yake tafiya, kuma a nan ne na fi jin takaici. A wasan Space Invaders da Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira a Japan a 1978, maƙiya 55 ne suke saukowa a jere, kuma duk lokacin da mai wasa ya rage yawansu sai ragowar su ƙara sauri. Asalin abin rauni ne na na'urar, domin ba ta iya motsa su duka da hanzari, sai idan sun ragu aikinta ya yi sauƙi. Nishikado ya lura da haka, ya ga cewa yana ƙara wa wasan armashi, sai ya bar shi yadda yake.

Wanda ya fi wannan darasi shi ne na Pac-Man, wanda kamfanin Namco ya fitar a 1980. Idan gwani ya kai mataki na 256, rabin allon na dama yakan dagule da haruffa da alamomi marasa kan gado, kuma babu yadda za a yi a kammala matakin. Sababin shi ne wurin da wasan yake ajiye lambar mataki gurbi takwas kawai gare shi, kowane gurbi sifili ne ko ɗaya, saboda haka ba ya iya riƙe abin da ya wuce 255, idan aka ƙara ɗaya sai lissafin ya koma sifili. Mai kallo yana ganin abin dariya ne. Amma kuskure ne irin wannan, wato lamba ta fi ƙarfin wurin da aka tanadar mata, ya jawo tarwatsewar rokar Turai mai suna Ariane 5 a watan Yunin 1996, ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta. Matashin da ya fahimci dalilin dagulewar Pac-Man ya riga ya sa ƙafa a ilimin rubuta manhaja, ko da bai sani ba. Wanda ya kwana yana danna waya har asuba ta same shi bai taɓa tambayar yadda wasan yake aiki ba, ya sayar da barcinsa da karatunsa, bai karɓi komai ba sai jan ido.

Ba cewa nake ku daina wasa ba, ƙannena. A 2011 masu buga wani wasa mai suna Foldit, wanda Jami'ar Washington ta shirya, sun warware siffar wani furotin na ƙwayar cuta mai alaƙa da ƙanjamau a jikin birai cikin 'yan makonni, bayan masana sun shafe fiye da shekara goma suna fama da shi. Da yawansu ba masana kimiyya ba ne, mutane ne masu haƙuri da naci a kan wasa.

Akwai kuma wani gargaɗi da ba zan bari ba, domin rashin tambaya yana sa mu yaɗa ƙarya da hannunmu. An daɗe ana cewa cin karas yana sa mutum ya riƙa gani a cikin duhu. Gaskiyar ita ce rashin bitamin A yana kawo dundumi, karas kuma yana taimaka wa jiki ya samu wannan bitamin, amma mai lafiyar ido ba zai ƙara gani da dare ba ko buhu guda ya cinye. Farfagandar Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta taimaka wajen yaɗa wannan magana, inda aka riƙa danganta ƙwarewar matuƙan jiragen yaƙi a dare da cin karas, alhali rada suke amfani da ita. Haka nan zanen da ake nunawa na harshe, wai gaba na zaƙi ne, gefe na tsami da gishiri, can baya na ɗaci, ba daidai ba ne, domin duk sashen harshe da ke jin ɗanɗano yana jin kowane iri. Wannan ma ba sai kun jira wani masani ba. Kafin ku tura zanen ga kowa, ku ɗauki ƙwayar gishiri ku ɗora a kan tsinin harshenku, wurin da aka ce na zaƙi ne kaɗai, ku ji da kanku ko za ku ɗanɗana shi.