Idan mai zane ya zo makaranta, aikin na waye?

Jama'a yau dai sai kun yi haƙuri da ni don rubutun zai ɗan yi tsawo, abu ne da ya daɗe yana ci na a rai, kuma duk wanda yake koyarwa a firamare ko yake da ɗa a can na san zai gane inda na dosa. Maganar masu zane da sauran masu fasahar hannu ce, waɗanda ake gayyatowa makaranta su yi aiki tare da yara, a zana bango ko a haɗa wani babban abu da kwali da tsumma da yumɓu. Ni ina cikin masu son abun nan sosai, wallahi ina so, shi ya sa ma nake jin zafi idan na ga an yi shi a karkace.

Sau biyu na ga an kawo irin waɗannan baƙi a makarantar da nake koyarwa. Na farkon gwani ne, wannan ba musu, hannunsa na da kyau. Kwana uku ya yi. Kafin yara su iso ya riga ya zana komai a bangon da alli, itatuwa da rana da yara riƙe da hannun juna, har ya sa alama a kowane gurbi cewa nan shuɗi nan kore nan ja. Sai aka jera yaran nan layi, kowa a miƙa masa burushi ya shafa inda aka nuna masa na minti biyu ko uku a ce toh na gaba. Bayan an tashi kuma shi ya tsaya ya bi duk inda fenti ya ƙetare layi ya gyara. Ranar buɗewa aka tara iyaye aka ɗau hotuna, kowa na cewa kai yaran nan sun yi ƙoƙari. Akwai wata yarinya a ajina, lokacin tana aji huɗu, da ta saci jiki ta zana ɗan tsuntsu a gefen wata bishiya, ƙarami ne kuma fukafukinsa ɗaya ya fi ɗaya girma. Ran nan ta jawo hannun babarta za ta nuna mata, ta duba sama ta duba ƙasa babu, an shafe shi da kore. Ta juyo ta ce min "Malama ina tsuntsuna?" Har yau ban manta yadda ta faɗe shi ba, kuma ban samu amsar ba ta ba.

Ta biyun mace ce, sau ɗaya take zuwa a sati amma ta yi zango guda cur tana zuwa. Sati biyun farko ko gwangwanin fenti ba ta buɗe ba, har wasu malamai suka fara ƙunƙuni wai yaushe za a fara aikin. Zama take yi a ƙasa da yaran tana tambayarsu me suke gani a hanya in za su zo makaranta, me ke ba su tsoro, ina suke tsayawa su yi wasa. Daga nan yaran da kansu suka ce taswirar hanyar za su yi, babba, wadda za a iya zagayawa. Aka yi ta gardama, wannan ya ce gidansu ya fi kusa wancan ya ce ƙarya ne, wata ta yi kuka don an ƙi launin da ta zaɓa, gadar kwali ta rushe sau uku. Ita kuwa baiwar Allah ba ta karɓe aikin daga hannunsu ba, iyakaci ta nuna musu yadda ake naɗe kwali ya yi ƙarfi da yadda ake haɗa launi biyu a samu na uku, sauran ta bar musu. Wanda ya gano yadda gadar za ta tsaya wani yaro ne da in na yi tambaya a aji ko kai ba ya ɗagawa, ni kaina da nake koyar da shi ban san yana da wannan basirar ba. Taswirar ba ta kai bangon can kyau ba a ido, gam ya zuba ko'ina, gidaje sun karkace, amma ka tsayar da kowane yaro a gabanta zai nuna maka nasa ya gaya maka dalilin da ya sa ya yi shi haka.

Toh wannan bambancin shi ne duk maganar tawa. In aka ce aikin haɗin gwiwa ne da yara, dole yara su kasance cikin masu yanke shawarar me za a yi da yadda za a yi shi. Riƙe burushi kaɗai bai isa ba.

Wani masani mai suna Roger Hart ya yi wa UNICEF rubutu a 1992 inda ya kwatanta shigar da yara cikin al'amura da tsani mai matakai takwas, kuma matakai ukun ƙasa ya ce su ba shiga ba ce sam, juya yara ne yadda ake so, da mayar da su kayan ado, da sa su a gaba don a ce an yi. Da na fara karanta shi bangon nan namu ne ya faɗo min a rai, sabida yaranmu ado aka yi da su, an sa musu riga mai ɗigon fenti an ɗau hoto. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma, sashe na 31 ya ba yaro haƙƙin wasa da shiga harkar fasaha da al'adu, sashe na 12 kuma ya ce a saurari ra'ayinsa a abun da ya shafe shi. Ni a ganina ba a raba su, in ka ba yaro fenti ka hana shi bakin magana rabin haƙƙin ka ba shi.

Kuma kar wani ya ce min yara ba za su iya ba. A wani gari da ake kira Caol a Sikotlan, a 1994, ɗaliban wata firamare suka kafa ɗakin zane nasu da aka sani da Room 13, daga lambar ɗakin sunan ya samo asali. Yaran ne ke tafiyar da shi, su ke da kwamiti, su ke neman kuɗi su sayi kaya, kuma su ne suka ɗauki mai zanen aiki, wato shi yake yi musu aiki. Daga baya tsarin ya bazu har wasu ƙasashe. Yara 'yan firamare fa. Haka a Amurka a unguwar Bronx ta Kudu da ke birnin New York, wani mai zane mai suna Tim Rollins ya fara aiki a farkon shekarun 1980 da yaran da makaranta ta riga ta yanke ƙauna da su a karatu, ɗaya na karanta littafi da ƙarfi sauran na zane, daga baya su manna shafukan littafin a babban ƙyalle su yi zanen a kai. Suka sa wa kansu suna K.O.S., wato Kids of Survival, yaran da suka jure wahala suka tsira, kuma ayyukansu sun shiga manyan gidajen adana zane na duniya. Ko a nan ɗin ina da 'yar damuwa don sunansa ne a gaba, na yaran a dunƙule cikin haruffa uku, amma dai ya zauna da su shekara da shekaru, wasunsu sun girma sun zama masu zane da kansu.

Wani zai ce toh me ya sa sai an kawo baƙo, malamin aji ba zai iya ba? Ni malama ce kuma zan faɗi gaskiya, mu aikinmu ya saba mana da amsa ɗaya, daidai ko kuskure, ga manhaja ga jarrabawa ga maki, ko zane muka ba yara sai ka ji mun ce ganye kore ne sama shuɗiya ce. Mai zane na gaske kuwa sana'arsa ce ya fara abu bai san ƙarshensa ba, ya ɓata ya sake, kuma yara su ga babba ya ɓata aiki a gabansu bai ji kunya ba ya ce bari mu gwada wata hanya, wannan darasi ne da ba ya cikin littafin kowane aji. Balle ma daga wajen shekara 9 zuwa sama, lokacin da yaro ke fara kwatanta zanensa da ainihin abun ya ga bai yi kama ba, sai ka ji ya ce ni ban iya zane ba, ya ajiye fensir, da yawa ba sa sake ɗauka har su tsufa. Masu nazarin zanen yara irin su Viktor Lowenfeld sun daɗe da bayanin wannan matakin. A daidai nan ne zuwan mai zane ke da amfani, in ya zo da niyyar buɗe musu hanya. In kuwa ya zo ya nuna musu gwanintarsa ya gyara nasu a bayan idonsu, toh ya tabbatar musu da abun da suke tsoro ne, cewa nasu bai isa a gani ba.

Mu ma malamai da laifinmu. Da yawa in baƙo ya shigo sai mu ɗauka hutu ya samu, a koma ofis ana duba takardu. Kuskure ne babba, na farko ba a barin baƙo shi kaɗai da yara komai kirkinsa, kuma ba a watsa hotunan yaran mutane a intanet ba da izinin iyaye ba. Na biyu shi zai tafi, kai ne za ka zauna da su, in ba ka ga yadda ya yi ba ranar da ya fita daga ƙofa komai ya bi shi. A makarantun yara na garin Reggio Emilia a Italiya, waɗanda Loris Malaguzzi ya jagoranta, ai ba ziyara mai zanen ke kawowa ba, ma'aikaci ne a makarantar da ɗakin aikinsa, yana tsara abubuwa tare da malamai kullum. Ba kowace makaranta ke da wannan halin ba na sani, amma ko sau ɗaya a sati na wata uku ya fi kwana uku a jere nesa ba kusa ba, yara na buƙatar lokacin da za su saba da mutum kafin su fito da abun da ke ransu.

Sai masu cewa yaro bai iya karatu da lissafi ba ana maganar fenti. Na fahimci damuwar, ni ma kullum da ita nake kwana. Amma an yi bincike a birnin Houston na Amurka da makarantu 42 da ɗalibai sama da 10,000, aka yi ƙuri'a wasu makarantun suka samu ƙarin harkar fasaha har da masu zuwa aji su yi aiki da yara, wasu ba su samu ba, sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna waɗanda suka samu an rage hukunta su kan rashin ɗa'a, rubutunsu ya inganta, tausayin juna ya ƙaru. Lissafi bai tashi ba, bai kuma faɗi ba. Ni ba ma sai an kawo min alƙaluma ba, yaron gadar nan bayan zangon ya fara ɗaga hannu a aji, da idona na gani.

Abun da ke kashe irin wannan shiri kullum kuɗi ne da rashin ɗorewa. Ingila ta yi wani babban shiri daga 2002 na haɗa makarantu da masu fasaha, ana cikin cin moriyarsa aka yanke kuɗin a 2011. Norway kuwa tun 2001 take da tsarin ƙasa na kai ƙwararrun masu fasaha ga ɗaliban makaranta kuma har yanzu yana nan. Sannan dan Allah a riƙa biyan masu zanen nan haƙƙinsu, a daina cewa su zo su taimaka don yara, wanda ba a biya ba shi ne zai yi sauri ya gama cikin kwana biyu ya koma neman abun da zai riƙe kansa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Zango mai zuwa an ce za a kawo mana wani ya yi bangon bayan azuzuwa. Na riga na samu hedimasta na roƙe shi abu uku, kar a zana komai kafin a zauna da yara, kar a shafe aikin yaro sai an tambaye shi, kuma a rubuta sunayensu gaba ɗaya a ƙasan bangon daidai girman sunan mai zanen. Ya amince da biyu, na ukun muna kan magana. Yarinyar nan mai tsuntsu yanzu tana aji shida, shekararta ta ƙarshe ke nan da mu, kuma sunanta na fara rubutawa a cikin waɗanda za su zauna da shi ranar farko.