Wai yanzu taswirar Bature ce alƙali?

To Alhaji, mun gani. Tsohuwar taswirar Legas da ka turo ta zaga guruf-guruf tun daga Agege har Idi Araba, har da jan da'irar da ka zagaye mana wurin da babu rubutu, wai ga hujja Legas ba ta kowa ba ce, daji Turawa suka tarar. Sannu da ƙoƙari, farfesan tarihi.

Wa ya biya mai safiyon da ya zana ta? Gwamnatin mulkin mallaka. Me take nema? Tashar jiragen ruwa, hanyar dogo, da unguwar da za ta killace wa Turawa a Ikoyi. Masunci da kwalekwalensa, manomi da gonar rogonsa, ba su cikin lissafi, sai aka bar wurinsu fari fat. Wanda ya biya kuɗin zane shi ake zanawa.

Kuma wannan magana taka tsohuwa ce, an kai ta kotu ta sha ƙasa. Gwamnati ta karɓe filayen Apapa tana taƙama da cewa tun da Oba Dosunmu, sarkin Legas, ya sa hannu a yarjejeniyar 1861, ƙasa ta zama ta gidan sarautar Ingila. Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ɗaya daga cikin sarakunan Idejo masu farar hula da ke riƙe da filayen Legas, ya ce bai yarda ba. Ya ɗauki Herbert Macaulay, ɗan kishin ƙasar nan, suka tafi har Landan, a 1921 kotun ƙarshe ta daular ta ce yarjejeniyar ba ta shafe haƙƙin jama'a a kan ƙasarsu ba, a biya diyya. Bature da kansa ya amsa cewa ƙasar da masu ita, kai kuma kana kwance da waya a hannu kana ce mana daji ce.

Masu cewa "ai takardar gwamnati ce, ga hatimi", ku ji da kanku. Hatimin wa? Wanda ya biya kuɗin zane dai.

Wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne wuƙar da kake wasawa mu za ta fara yanka. Gobe wani ya ɗauko irin wannan taswira ya ce nuna mini zangon kakanninku fataken goro a Agege, ko sunan Hausawan da Glover, Baturen mulkin Legas, ya tara ya yi rundunarsa da su a 1863, me za ka nuna? Talaka ba ya shiga taswira sai ranar da za a tashe shi. Unguwar Maroko mutane ne fal har 1990, lokacin gwamnan soja Raji Rasaki aka sa katafila aka baje ta, yau manyan gidaje ne a wurin. Unguwar Makoko ga ta nan kana hango ta daga gadar Third Mainland, hayaƙin banda kifi na tashi, yara na tuƙa kwalekwale, amma ta daɗe a taswirori da yawa ruwa ne kawai shuɗi.

Mu zauna lafiya da Yarabawa masu masaukinmu, mu riƙe namu tarihin daga bakin dattawanmu tun suna raye, ya fi mana wannan tsokanar.

Af, masu turo mini hoton takardar safiyo na filayen Ibeju-Lekki kuna tambaya ko ku biya, don Allah ku daina. Ni ba lauya ba ne. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, ku fara bincika ko gwamnati ta saki filin, kafin omo onile, masu iƙirarin gadon filaye, su sayar wa mutum uku fuloti ɗaya.